Sabuwar Bussa da Gandun Dajin Tafkin Kainji

Sabuwar Bussa, hedikwatar ƙaramar hukumar Borgu a Jihar Neja, gari ne da ruwa ya yi sanadin kafuwarsa. Da aka datse kogin Kwara a Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwan ya shanye tsohuwar Bussa, inda Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a 1806. Sai aka kwashe jama'a da fadar Sarkin Borgu zuwa sabon matsuguni kusa da madatsar. Tafkin da ya samu ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, shi ya sa ga mutumin Kontagora da bai taɓa ganin teku ba, nan ne bakin ruwa mafi girma da ke kusa da gida.

A garin ne ofishin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji yake. An kafa gandun a 1979, shi ne na farko a Nijeriya, bayan an haɗe dazuzzuka biyu: na Borgu a yammacin tafkin, da na Zugurma a gabas, cikin ƙaramar hukumar Mashegu ta masarautar Kontagora. Jimillar faɗinsu ya haura murabba'in kilomita 5,300, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ɓangaren Borgu ne. Matafiyi yakan ratsa ta Ibbi, gefen dajin Zugurma, kafin ya haye Kwara.

Abin kallo ya fi yawa a ɓangaren Borgu, musamman a gaɓar kogin Oli, inda masaukin baƙi yake. A can ake ganin dorina da kada cikin gurbin ruwa, ga gwanki da ɓauna da mugun dawa da garken birai. Lokacin rani, daga Disamba zuwa Afrilu, shi ya fi dacewa da ziyara: ciyawa ta bushe, tafkunan daji sun ƙafe, dole namun daji su gangaro Oli shan ruwa. Da damina kuwa, duhuwar ciyawa da taɓon hanya sukan hana komai.

Shi kansa garin na kifi ne. Akwai cibiyar tarayya ta binciken kifin ruwan daɗi da kwalejin kula da namun daji, kuma masunta na fito da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa. Mai son shiga jirgin ruwa ya nemi rigar kariya tukuna. Kifewar jirgin da ya nufi Warrah a watan Mayun 2021 ta ci rayuka masu yawa a wannan ruwa.

Babban cikas a yau shi ne tsaro. 'Yan bindiga sun samu mafaka a dajin, kuma a watan Yunin 2024 cibiyar Clingendael ta ƙasar Holan ta ba da rahoton cewa masu iƙirarin jihadi daga yankin Sahel sun kutso cikinsa ta iyakar Jamhuriyar Benin. Harkar yawon buɗe ido ta tsaya cik, an kuma sha kai hari ƙauyukan Borgu da Agwara. Duk mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar ofishin gandun, kada ya shiga daji ba tare da jami'an gandun ba, ya kuma guji tafiyar dare.