Daga Ina Aka Ɗebo Ƙasar?

A 1888, Martinus Beijerinck ɗan ƙasar Holan ya ware ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙululun saiwar wake da danginsa, wadda ke jawo wa shuka naitirojin daga iska. Daga nan har kusan shekara ɗari, hanyar masana ba ta sauya sosai ba: a ɗebo ƙasa, a dama da ruwa, a shafa a faranti mai abinci, a ƙirga abin da ya tsiro. Hanyar ta yi rana, don ta nan aka samo streptomycin, maganin tarin fuka, a jami'ar Rutgers ta Amurka a 1943. Sai dai galibin ƙwayoyin ƙin tsirowa suke yi a faranti, da ƙyar ɗaya cikin ɗari ke fitowa.

A 1990 Vigdis Torsvik da abokan aikinta a Bergen ta Norway suka ajiye faranti, suka tatso DNA kai tsaye daga ƙasar daji. A samfurin da suka ɗebo suka ƙiyasta ire-iren bakteriya kusan 4,000. Da ido ya buɗe, sai tambaya ta koma: wace ƙasa ce ta fi wata yawan iri? A 2006 Noah Fierer da Robert Jackson suka gwada samfuri 98 daga Amurka ta Arewa da ta Kudu, suka ga tsamin ƙasa ne ke jan ragama. Ƙasar dajin Amazon, duk da yalwar itatuwanta, ba ta kai ƙasar wasu wuraren hamada yawan ire-iren bakteriya ba, saboda tsaminta.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jorge Rodrigues da tawagarsa, wanda aka buga a 2013. A jihar Rondoniya ta Brazil suka kwatanta daji da makiyayar da aka sare daji aka yi. Ba su haɗa ƙasar wuri guda ba. Wasu samfuran tazararsu ba ta kai taku ɗaya ba, wasu kuwa da nisan kilomitoci. Abin mamaki, a kowane rami ɗaya makiyaya ta fi daji yawan iri. Da sun tsaya nan, da sun ce sare daji alheri ne ga ƙasa. Amma da suka jera ramukan, sai ga na makiyaya duk sun yi kama da juna, kamar an tsaga kara, alhali a daji kowane gurbi da nasa mazauna. Asarar tana tsakanin rami da rami, kuma tsarin ɗiban ƙasar ne kaɗai ya tona ta.

Shi ya sa nake jin tsoron tsohuwar al'adar gauraya ƙasar gona duka a bokiti ɗaya. Don sanin takin da za a zuba, ta wadatar. Don sanin masu rai a ciki kuwa, tana shafe bambancin da manomin gero ya daɗe da sani tsakanin gindin gawo da fako, ko tsakanin jigawa da fadama.