Gidan Jackie Robinson a Stamford

A ranar 15 ga Afrilu, 1947, Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers, ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta Amurka a wannan zamani. Duniya ta san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin wuyar da matarsa Rachel ta sha da suka yi niyyar barin unguwar St. Albans a New York, su koma inda 'ya'yansu uku za su sami sarari.

Kuɗi kam akwai. Amma da dillali ya ga fuskarta, sai gidan da ake talla ya zama an riga an sayar, ko kuma kuɗinsa ya tashi nan take. Mutumin da dubbai ke biyan kuɗi su kalle shi, ba a so ya zama maƙwabci. Wannan wulaƙanci ne, ba shi da wani suna. Sai Andrea Simon, matar ɗaya daga cikin masu kamfanin buga littattafai na Simon & Schuster, ta tsaya musu tsayin daka a Stamford, wani gari a jihar Connecticut da ma'aikatan New York ke kwana. Har a gidanta ta sauke su kafin a gama ginin nasu, suka tare a 1955.

Da Jackie ya bar wasa a farkon 1957, ya zama mataimakin shugaban kamfanin Chock full o'Nuts, yana zuwa aiki New York daga Stamford. A 1963, lokacin da ake ta cusa masu zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata a kurkukun kudancin ƙasar, shi da Rachel suka buɗe filin gidansu ga jama'a. Mutane suka zauna a kan ciyawa, su Dizzy Gillespie da Dave Brubeck na kiɗan jaz, aka tara kuɗi don tafiyar Martin Luther King.

Ƙarshen zaman ya yi ɗaci. Babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1971, ciwon suga kuma ya kusa cinye wa Jackie ido. A gidan nan zuciyarsa ta buga ranar 24 ga Oktoba, 1972, ya rasu yana da shekara 53. Stamford ta sa wa wani dandali sunansa, da mutum-mutuminsa. Rachel kuwa ta kafa gidauniya a 1973 don biya wa ɗalibai kuɗin jami'a, ta kuma ci gaba da shirya kiɗan shekara da shekaru don cika asusunta.