Soke Haraji da Gina Tiga: Wa Ya Ci Riba, Wa Ya Biya a Haɗeja?

Tun da aka sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025 ake ta muhawara: wasu na cewa a rage wa talaka haraji kuɗi su zauna a aljihunsa, wasu na cewa gwamnati ta tara kuɗin ta zuba a manyan ayyuka don kasuwa ta motsa. Mu a ƙasar Haɗeja an gwada mana duka biyun tun kafin a haife mu, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya.

Bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada, sun dunƙule kuɗaɗen da ake karɓa a da suka mayar da su haraji a kan kowane baligi namiji, sai jangali a kan kowace saniya. Mai unguwa da dagaci ke tarawa, su kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e, gwamnati ta ɗebi kasonta. Da ragowar ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka, a kuma yi ɗan aikin hanya da asibiti da makaranta.

Zafin harajin yana cikin lokacin karɓarsa. Da kaka ake bi gida-gida, lokacin da amfanin gona ya fi araha, kuma tsabar kuɗi ake so. Dole manomi ya kai gero ko gyaɗa kasuwa ya sayar a wulaƙance. Da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Malam Madori, gyaɗa ta zama hanyar neman kuɗin haraji. Wanda bai samu ba ya ci bashi ko ya tafi cin rani, makiyayi kuwa ya kora shanunsa cikin fadama kafin masu ƙidaya su iso. Wannan ƙunci na cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta gina gwagwarmayarta a kai.

A watan Oktoban 1979 Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya hau kujerar gwamnan Kano, lokacin Haɗeja na cikin jihar, ya soke haraji da jangali. Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Hujjar 'yan PRP ita ce harajin nan bai san mai shi da marar shi ba, kuma ya zama bulalar da masu sarauta ke dukan talaka da ita. Masu adawa suka ce an toshe wa ƙananan hukumomi babbar kafar samun kuɗi, to da me za su yi aiki?

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Manomi ya samu damar adana hatsinsa har farashi ya ɗaga, kuma ya huta da fargabar a ɗaure shi a ƙofar dagaci. Amma abin da ya ba da ƙarfin halin sokewar shi ne kuɗin man fetur da ke gangarowa daga Legas. Da su aka yi yaƙi da jahilci, aka kai lantarki ƙauyuka. Da farashin mai ya karye, Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, kason jihohi ya ragu, ayyuka suka fara tsayawa. Akwai kuma asarar da ba a cika faɗa ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ke cin kuɗin talaka kai tsaye tana jin nauyinsa ko yaya ne, wadda kuwa ke jiran kaso daga sama sai hankalinta ya koma can.

Sai ɓangaren kashe kuɗi. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, daidai lokacin da farin 1973 ya gigita Arewa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Challawa. Manufar mai kyau ce: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Kura da kewaye. Duk wanda ya ga tumatir da shinkafar da ke fitowa daga can ya san kuɗin sun haifar da sana'a.

To amma kogin da aka tare shi ne mai malala kowace damina ya shayar da fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Da wannan malalar ake shuka shinkafa, idan ruwa ya janye a bi danshi a yi noman rani, masunta su kama kifi, shanu su samu ciyawa, rijiyoyi su cika. Madatsun, haɗe da fari, sun rage faɗin ƙasar da ruwan ke kaiwa. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya hana ƙoramu bushewa da rani, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ga wani ƙauyen ruwa ya cinye gonakinsa, na kusa da shi yana kukan rashinsa. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziƙi Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka gano cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani ta noma da kifi da itacen girki, nesa ba kusa ba, a kan irinsa da aka karkatar zuwa noman rani na Kano. Wato mutumin Guri da na Kirikasamma sun biya wani haraji da ba a taɓa yanka masa rasiɗi ba. An biya shi da kifi da shinkafa da makiyaya. Ko aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda ya kamata ya zama rabonmu, ya daɗe yana tafiyar hawainiya, sai a 2023 aka yi bikin buɗe shi bayan gyara da tallafin Bankin Duniya.

Saboda haka idan muka ji an ce za a rage haraji, mu tambaya da wane kuɗi za a cike gurbin, kuma me zai faru ran da kafar ta ƙafe. Idan an ce za a zuba biliyoyi a wani aiki, mu tambayi su wa ke zaune a ƙasan kogin, kuma ko an saka su a lissafi.

Mu marubuta muna da aiki a nan. Dattawan da suka biya haraji da hannunsu, da masuntan da suka san kogin kafin Tiga, suna nan da ransu amma kullum raguwa suke. Kowa ya samu ɗaya a gidansu ko unguwarsu, ya zauna da shi a makon nan, ya tambaye shi nawa ya biya, me ya sayar kafin ya biya, da yadda ya ji ran da aka ce an soke. Ku kawo mana abin da kuka samo, mu haɗu mu karanta. Allah Ya ƙara mana basira.