Akabar Sawakin

Duk wanda ya tashi a Sinja ko Mai Wurno ya sha jin dattawa suna ambaton Akaba, wato mashigin duwatsun nan da ke tsakanin Sinkat da Sawakin, domin ita ce mashakka ta ƙarshe da maniyyaci zai sha kafin idonsa ya sauka a kan Bahar Maliya. Kakanninmu da suka yiwo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, har Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa musu mazauni a bakin kogi, da niyyar Makka suka fito. Noma da ƙodago suka tsaya yi don tara guzuri, kuma da yawansu ajali ya riske su alhali guzurin bai cika ba.

Wanda Allah ya hore wa a zamanin farko, da raƙuman Hadandawa yake ratsa duwatsun, ya biya ladan jagora, ya riƙe salkarsa tamkar ransa, saboda rijiyoyi nesa suke da juna. Daga bisani dogo ya haɗa Sinnar da Gadarif da Kasala a 1929, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki, sa'an nan kwalta ta biyo baya, da shingayenta inda direba ke miƙa kuɗin hanya a ba shi takarda.

Na bi Akaba sau ɗaya, kuma ban manta yadda motar ta yi tsit ba sa'ad da aka fara gangara, dutse a wannan gefe, kwazazzabo a wancan, wata tsohuwa kusa da ni tana jan carbi, leɓɓanta na motsi da hailala. Kafin nan mun ratse zuwa Arkawit, tudun da Turawan Ingila suka mai da wurin shan iska, inda kabarin jagoran mayaƙan Hadandawa, Usman Digna, yake a yanzu. Daga bakin tsaunin mutum yana hango filin gaɓar teku shimfiɗe can ƙasa, hazo na tasowa yana jiƙa masa riga.

Samari suna hawa wurin don kallo, kuma ban ga laifinsu ba, gama abin kallo ne. Roƙona gare su ɗaya ne: in sun tsaya a bisa, su karanta Fatiha ga maniyyatan da aka binne a gefen hanya ba su ga teku ba.