Alƙaluman 'yan kurket na Najeriya a Gasar Kofin Duniya ta 2020

A watan Janairun 2020 ne tawagar kurket ta Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 19 ta fara halartar Gasar Kofin Duniya a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin jagorancin kyaftin Sylvester Okpe, bayan ta lashe wasannin share fage na Afirka a Namibiya a 2019.

Wasannin na yini ɗaya ne, inda kowace tawaga ke da damar fuskantar jifa 300. A matakin rukuni, maki 61 kacal Najeriya ta samu a gaban Ostireliya, 57 a gaban West Indies, 58 a gaban Ingila, domin masu dukan ƙwallonta ba su daɗe a fili ba. Japan kaɗai ta doke, ta ƙare a matsayi na 15 cikin tawagogi 16.