Akwatin da ya shiga aji: talabijin lakwal a Nijar, 1964–1979

A ƙarshen shekarar 1964, a cikin azuzuwa biyu na birnin Yamai, aka girka akwatin talabijin a gaban yara, daidai wurin da aka saba ganin mushe tsaye da alli a hannu. A lokacin Nijar ba ta da gidan talabijin na jama'a. Ƴan lakwal ne suka riga manya ganin hoto mai motsi yana magana a cikin akwati. Masu tsara darussan intanet a yau sukan ɗauka cewa koyarwa daga nesa sabon abu ne a wannan ƙasa, alhali kuwa tambayoyin da ke damunsu an riga an yi su a Yamai shekaru sittin da suka wuce, har an samu amsar wasu.

Dalilin gwajin a fili yake. Ƙasar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma horarrun malamai ƙalilan ne. Gwamnatin Diori Hamani ta amince da wani shiri da Faransa ta ɗauki nauyinsa: a tara gwanaye wuri guda su shirya darasi, a watsa shi ta iska, a ɗora kulawar aji a kan matasa masu takardar kammala firamare waɗanda aka horar wata uku kacal. A 1966 azuzuwan suka kai 22, da yara kimanin 800.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda ake gina darasin. Ba a ɗauki malami yana jawabi gaban allo aka watsa ba. Ƙungiyar da Max Egly ya jagoranta ta haɗa masana koyarwa, masana halayyar yara, masu binciken zaman jama'a, masu zane da masu ɗaukar hoto. Kowane darasi bai kai minti 15 ba, kuma sau huɗu ake watsawa a yini. Ana nuna ɗan wasan kwaikwayo ko zane, da kayan da yaron ƙauye ya sani: rijiya, kasuwa, jaki, ƙwarya. Da an kashe akwatin sai aikin aji ya soma. Mai kula da ajin yana riƙe da takardar da ta bayyana masa abin da zai yi mataki mataki; yara su maimaita wasan da suka gani, su yi tambaya, su yi zane, su yi lissafi da tsakuwa. Mafi yawan yinin a nan yake tafiya. Sannan akwai masu zagaya azuzuwa suna lura da inda yara suka gane da inda suka ɓace, su mayar da labari ga masu shiryawa domin a gyara. Wannan komawar labari ita ce jijiyar aikin, kuma ita ce ake yawan mantawa da ita idan an zuba bidiyo a intanet aka ce an buɗe makaranta.

Sakamakon ya ja hankalin duniya. Ba a maimaita aji, yaran da suka daina zuwa kaɗan ne ƙwarai, kuma baƙi sun yi mamakin yadda ɗan manomi yake sakin baki da Faransanci ba tare da tsoron bulala ba. Wilbur Schramm, masanin sadarwa na Amurka, ya sanya Nijar cikin misalan da ya yi nazari a kansu. Matsalar wuta a ƙauyuka ma ta sa aka fara gwada faifan hasken rana tun 1968 don kunna akwatunan.

Amma shirin ya tsaya a gefen makarantar gwamnati kamar baƙon da ba a ba shi ɗaki ba. Malamai da sufetoci da yawa sun dube shi da zargi, tun da yana nuna cewa mai horon wata uku zai iya riƙe aji. Yaran sun fi ƙarfi a magana fiye da rubutu, jarrabawar ƙasa kuwa rubutu take aunawa. Kuɗin shirya darussa masu yawa ne, ba sa sauƙi sai an raba su a kan dubban azuzuwa. Faɗaɗawar da aka yi bayan 1971, lokacin da aikin ya koma hannun Nijar, ba ta kai ko kusa da haka ba. Ga kuma fari da yunwar 1973 da 1974, ga juyin mulkin Seyni Kountché a Afrilun 1974.

Akwai kuma batun harshe. Duk dabarar nan an kashe ta ne wajen cusa Faransanci a kunnen yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci. A shekarar da aka kunna akwatin farko, 1964, Abdou Moumouni ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa cikin harsunan gida. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, kuma hanyoyin biyu ba su taɓa haɗuwa sosai ba. Da sun haɗu, da wataƙila labarin ya sake.

An rufe talabijin lakwal a 1979, kayan aikinta da ma'aikatanta suka zama harsashin gidan Télé Sahel. Kwaddibuwa, wadda ta kafa irin wannan shiri mafi girma a Buwake tun 1971, ita ma ta rufe nata a farkon shekarun 1980. Koyarwa daga nesa ta dawo ta wata ƙofa a 1997, da Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta nesa, mai aiko da darussa ta tauraron ɗan Adam. Da annobar korona ta rufe makarantun Nijar a Maris na 2020, aka sake waiwayar rediyo, talabijin da wayar hannu. Akwai na'urori a hannun mutane fiye da na 1964 nesa ba kusa ba, sai dai a yawancin gidaje babu mai riƙe da takardar da ke cewa ga abin da yaro zai yi bayan an kashe akwatin.