Wane Suna Za a Kira Mai Sauraron Damuwa a Gaya?

A Gaya kowace sana'a da sunanta, kuma sunan ba ya ruɗa kowa. Mai babur ɗan kabu-kabu ne, mai sauke kaya ɗan dako, mai musayar naira da sefa ɗan canji, wanda ke fiton mutane zuwa Malanville kuwa mai jirgi. Garin da ke tsakanin Nijar da Binin da Najeriya, inda Dandawanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Faransanci ke cakuɗa a rumfa ɗaya, ba ya rasa kalma. Amma akwai aiki guda da har yau sunansa bai zauna a bakin jama'a ba: aikin mutumin da ya yi karatu musamman domin ya zauna da wanda damuwa ta ci ƙarfinsa, ya saurare shi, ya taimake shi ya warware abin da ya cukurkuɗe masa a zuci, ba allura, ba rubutun sha.

Kuma ba don buƙatar ta yi ƙaranci ba ne. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, hanyar Kamba ta yi tsit. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, manyan motoci suka yi jerin gwano a tsallake, mutane suka koma ga kwale-kwale. Garin da cinsa da shansa ke rataye a kan wucewar kaya, in aka rufe masa hanya, abin ba ya tsayawa a aljihu. Yana bin magidanci har shimfiɗarsa. Ɗan kasuwar da jarinsa ya narke, direban da bashi ya yi wa katutu, matar da mijinta ya daina magana da kowa a gida, duk suna neman wanda za su faɗa wa. Tambayar ita ce: in sun tashi, wurin wa za su ce za su je?

Tsofaffin sunayen suna nan da ransu. Akwai malam, wanda Dandawa da Zabarmawa ke kira alfa. Kalmar ta Hausa daga Larabci ta fito, ma'anarta mai koyarwa, amma wanda ya zauna kusa da zauren malami ya san rabin masu sallama ba karatu ya kawo su ba. Akwai mai ruƙiyya, wanda sunansa ya yi ƙarfi a 'yan shekarun nan. Akwai boka da sassaƙe-sassaƙensa. A wajen masu bori akwai Inna a Tsibirin Gobir da Iya a Maraɗi, a ƙasar Arewa kuma, cikin wannan jiha ta Dosso, akwai Sarauniyar Lugu. Zabarmawa suna da zima, mutanen kogi suna da sorko. Ban da waɗannan akwai waɗanda ba a lissafa su cikin masu magani alhali su ne suka fi kowa ɗaukar nauyin: gwaggon da amarya ke gudu wurinta in ta yi yaji, aminiyar da ake raɗa wa abin da ba a faɗa wa uwa, uwar ɗaki, tsohuwar ungozomar da ta san abin da ke cikin kowane ɗaki na unguwa.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan sunaye duka, kuma shi ne ya fi jan hankalina. Babu ko ɗaya da ake tuɓewa in an tashi daga aiki. Malam malam ne da asuba, malam ne a wurin jana'iza, malam ne ko da tsakar dare aka buga masa ƙofa. Gwaggo ba ta da lokacin buɗewa da na rufewa. Sunan da mutumin abu guda ne, kuma halinsa a kasuwa da cikin iyalinsa shi ne takardar shaidarsa. Malamin da aka san yana kwashe zancen mutane yana kaiwa majalisa, ko ya haddace littattafai nawa, zaurensa zai bushe.

Sababbin sunayen da boko suka zo. Likita daga Ingilishi, lokotoro daga Faransanci, majo kuma shi ne babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da ƙaramin asibiti a ƙauyuka da unguwannin Nijar. Kakanninmu da suka fara ganin wannan aiki sun yi masa kirari da bokan Turai, wato sun ɗora sabon abu a kan gurbin da suka sani. Matsalar ta taso ne da aka zo fannin hankali. Sunan da ya fara kama baki shi ne likitan mahaukata, kuma a ganina babu sunan da ya yi wa wannan aiki ɓarna kamarsa. Ga mutumin Gaya, hauka shi ne tafiya ba sutura da tsince-tsince a juji. In aka ce za a kai wane sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda kowa ya sani da Pavillon E, ko kuwa asibitin Kware ta wajen Sakkwato, to magana ta ƙare, dangi sun fara tunanin wa zai auri ƙannensa. Matar da barci ya ƙaurace wa tun rasuwar ɗanta ba mahaukaciya ba ce, ta kuma san haka, don haka ƙafarta ba za ta taka ƙofar da aka laƙaba wa wannan suna ba. Gara ta je wurin majo ta ce kanta ke ciwo, ƙirjinta na zafi, a ba ta ƙwaya ta koma gida da abinta.

Likitan ƙwaƙwalwa ya fi ladabi, gidajen rediyo ma shi suka fi riƙewa, sai dai yana haɗa mutum uku a riga ɗaya: mai fiɗar kai, mai rubuta maganin taɓin hankali, da mai aikin magana zalla. Sikolog kuwa, yadda 'yan lakwal ke faɗa, sunan bai wuce bakin waɗanda suka yi karatu ba.

Saura mai ba da shawara, wanda ya bazu a asibitoci tare da gwajin sida da tsarin iyali. Sunan yana da daɗin ji, ba ya kunyata kowa, amma yana yi wa mai zuwa alkawarin abin da ba lalle a ba shi ba. Shawara a wurinmu ita ce a ce maka yi kaza, bar kaza. 'Yan uwanta su ne nasiha da ban haƙuri da ban baki, kuma a cikinsu duka babba ne ke magana, ƙarami na sunkuye da kai. Aikin da muke zance a kansa ya juya wannan tsari. Carl Rogers, Ba'amurken da ya fitar da littafinsa kan wannan fanni a 1942, ya kafa hanyarsa ne a kan cewa mai damuwa shi ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, aikin gwani shi ne ya saurara ba tare da yanke hukunci ba har mutum ya gano mafitarsa. To ka ɗauki dattijon da ya baro Tanda ko Bengu tun da safe, ya biya kuɗin mota, ya zauna, sai yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba ya ce masa: "Baba, kai me kake gani?" Zai tashi yana cewa ba a yi masa komai ba. Ma'aikacin da ya san mutanensa yakan fara da doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da gona da ruwan bana, ya bar "sai haƙuri" ta fito a inda ta dace, sannan ya yi shiru. Shirun nan shi ne aikin, amma sunan mai ba da shawara bai ambace shi ba.

Wasu ƙasashen sun fara gyara ta wajen sunan ciwon. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006 inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, kuma da kalmar da jama'a ke faɗa suka yi aiki, kufungisisa, wato yawan tunani. Mu ma muna da tamu. "Tunani ya yi masa yawa." "Damuwa ce ke cin ta." Ba wanda ke jin kunyar waɗannan kalmomi. Kuma magance damuwa da magana ba baƙon ilimi ba ne ga Musulmi: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya kuma yi bayanin yadda ake magance na farko da magana.

Inda sunan ya fi ciwo shi ne bayan an tashi daga aiki. Ƙa'idar wannan sana'a, yadda ake koyar da ita a jami'a, ta ce kada ka duba ɗan uwanka ko abokinka, kada abin ofis ya bi ka gida. An tsara ta ne a manyan biranen da mutum zai shekara bai haɗu da wanda ya duba a hanya ba. Gaya ba haka take ba. Wanda ya yi kuka a gabanka da hantsi, shi ne a gefenka a sahun magariba. Matar da ta faɗa maka abin da ke tsakaninta da kishiyarta, ita ce ke miƙo maka goro a wurin suna, idonta a ƙasa, tana auna ko fuskarka za ta nuna wani abu. Da dare a fada, ana zuba shayi na biyu, wani zai ce: "Majo, na ga Alhaji wane ya fito daga wurinka, lafiya dai ko?" Amsar da ya bayar a wannan daƙiƙa ita ce jarrabawarsa ta gaske, ba wadda ya ci a Jami'ar Abdou Moumouni ba. Matarsa ma ba ta tsira ba, don maƙwabta na ɗauka duk abin da ya ji ta ji.

Hausa ta ajiye kalmomin wannan wuri tun da daɗewa. Sirri da asiri tushensu ɗaya a Larabci, kuma rufin asiri na cikin manyan abubuwan da Bahaushe ke roƙon Allah. Wanda ya buɗe maka cikinsa asirinsa ya damƙa maka, ya zama amana. Shi ya sa ake yabon mutum da zurfin ciki, ake kuma cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Jama'a ba su duba takardar da ke rataye a bango. Bakin mutum suke dubawa a wurin biki da kasuwa.

Sai dai zurfin ciki yana da farashi, kuma ba mu cika tambayar wa ke biya ba. Mutumin da ya wuni yana jin labarin mutuwar aure da karayar jari da fyaɗe, ya dawo gida ba shi da ikon faɗa wa ko matarsa, a ƙofar gida kuma ya tarar da wani na jiransa da "minti biyu kawai", wannan mutum yana ƙonewa a hankali. Tsarin aikin ya tanadi cewa shi ma ya riƙa zama da wani gwani da ya girme shi a sana'a yana sauke nasa nauyin, amma wanda ke aiki shi kaɗai a bakin iyaka, nesa da Dosso da Yamai, ba kullum yake samun wannan ba. Ga kuma girman kai na sana'a, don an ce wanzami ba ya son jarfa. A nan ne nake ganin tsohon tsarinmu, duk da kyansa, bai kamata a ɗora masa shi gaba ɗaya ba. Malam yana da almajirai da zaure da girman da ke kare shi. Wannan ma'aikaci ba shi da ko ɗaya. Yana buƙatar sunan da zai iya ratayewa tare da farar rigarsa, ya koma baban yara, ya je gonar shinkafarsa ko kallon ƙwallo ba tare da an tare shi da matsala ba.

Ni dai likitan damuwa na zaɓa. Likita, domin a bakin talaka duk mai aikin asibiti likita ne, kuma kalmar na tuna wa mutane cewa aiki ne mai wuri da lokaci. Damuwa, domin ita ce kalmar da mai ciwon da kansa yake faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ina roƙon gidajen rediyon Gaya da Dosso, da limamanmu a huɗubar Juma'a, su daina cewa likitan mahaukata. Mu kuma maƙwabtansa, in mun gan shi a fada ko a masallaci, mu gaishe shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, mu bar maganar aiki sai gobe a asibiti.